Yadda Babban Malami Zai Tallafi Sabon Mai Binciken Katalis a Zariya

Duk wanda ya daɗe a sashen kimiyyar sinadarai ko na injiniyan sinadarai ya san irin wannan matashin. Ya kammala digirin digirgir, wataƙila a nan Samaru, wataƙila a Maleshiya ko Ingila, ya dawo da kundinsa da zafin nama da jerin abubuwan da yake son gwadawa. Kafin zangon karatu na farko ya ƙare an ɗora masa darussa huɗu, an naɗa shi jami'in jarrabawa, an kuma turo masa ɗalibai masu aikin kammala digiri fiye da yadda zai iya riƙe sunayensu. Bayan shekara uku, idan aka tambaye shi labarin bincike, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ana nan ana fama." Abin da ya rasa a waɗannan shekaru shi ne lokaci, da awon da za a amince da shi, da babban da zai tsaya masa. Wannan bayani na manyan ne: farfesa, da shugaban sashe, da duk wanda ke da ɗakin gwaje-gwaje a hannunsa kuma yake son ya ga na bayansa ya tsaya da ƙafarsa.

Ba kowane shugaban sashe ne ya fito daga wannan fanni ba, don haka ga abin da ake magana a kai. Katalis wani abu ne da ake sanyawa cikin sinadarai domin ya hanzarta haɗuwarsu ko rabuwarsu, alhali shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Kamar dillali yake a kasuwar Tudun Wada, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya tari wasu. Sai dai katalis ba ya karɓar la'ada, amma yana gajiya, yana toshewa, wani lokaci kuma wani gurɓataccen abu ya kashe shi gaba ɗaya. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ne ya raɗa wa abin suna a 1835. Takin yuriya da manoman Giwa da Soba da Maƙarfi ke zubawa a gonar masara daga amoniya ake yin sa, ita kuwa ana haɗa ta ne daga iskar naitirojin da haidirojin a kan katalis na ƙarfe, a zafin digiri 400 zuwa 500 na ma'aunin Salshiyos, bisa hanyar da Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913. Kaso mai yawa na fetur ɗin da matatun mai ke fitarwa an farfaso shi ne daga mai mai nauyi a kan katalis na ziyolait, wani ma'adani mai cike da ƙananan ramuka. Abin da ya shigar da fannin cikin maganar fasaha mai ɗorewa shi ne katalis nagari yana rage zafin da aiki ke buƙata, yana rage sharar da ake bari, yana kuma mayar da abin zubarwa abin amfani. Saboda haka ne Paul Anastas da John Warner suka sa shi cikin ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli, waɗanda suka wallafa a 1998.

Mataki na farko: zaman sauraro

A kira matashin ofis a cikin watansa na farko, a rufe ƙofa, a ba shi awa guda cikakkiya. Tambayoyi uku ne suka fi muhimmanci: mene ne ya yi da hannunsa a lokacin karatunsa, mene ne wasu suka auna masa, kuma wace na'ura ce idan babu ita aikin nasa ba zai yiwu ba. Wanda ya yi karatu a inda ake miƙa samfur da safe a karɓi sakamako da yamma yakan dawo da tambayoyin da suka dogara da na'urorin da babu su a kusa, kuma idan ba a gano haka da wuri ba zai ɓata shekara biyu yana jiran gawon shanu.

Akwai wata matsala ta tarbiyyarmu da ya kamata babba ya sani. Ƙarami ba ya musu da na gaba da shi, kuma "to, Malam" ba kullum take nufin yarda ba. Hanyar da ta fi ita ce a bar shi ya tafi, a ce ya dawo bayan mako biyu da shafi biyu a rubuce, ɗauke da tambaya guda da yake son amsawa da kayan da take buƙata. A takarda yakan faɗi abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba.

Mataki na biyu: zaɓen tambayar da za a iya amsawa a nan

Nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne gogewar babba ke da rana. Ma'aunin tambaya mai kyau ga sabon mai bincike a Zariya shi ne a samu kayanta a kusa, a iya auna sakamakonta da na'urar da ake iya kaiwa gare ta, kuma a iya fitar da sakamako na farko cikin wata tara zuwa shekara. Hanyoyi uku ne aka fi bi a wannan yanki, kuma kowace da ramin da ke cikinta.

Ta farko ita ce farar ƙasa. Ƙanƙara ta Jihar Katsina ta yi suna da ita, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna aiki a kan mayar da ita ziyolait, wanda ke nufin matashin ba daga fili zai fara ba, akwai kundaye a ɗakin karatu da mutanen da suka riga suka ƙona hannu. Tsarin aikin sananne ne. Ana jiƙa ƙasar, a dama, a bari yashi ya kwanta, a tace, a shanya, sannan a gasa ta a zafin digiri 600 zuwa 900 domin ruwan da ke cikin ginin ƙwayoyinta ya fita ta zama mai saurin karɓar sinadari. Daga nan sai a dafa ta da ruwan soda mai ƙuna a rufaffen mazubi a zafin da ke kusa da digiri 100. A farar ƙasa yawan ƙwayoyin silikon da na alminiyum kusan ɗaya suke, wanda ya dace da ziyolait nau'in A, wato wanda ake sanyawa a garin sabulun wanki domin tausasa ruwa. Nau'in Y, wanda shi ne zuciyar katalis ɗin farfasa mai a matatu, yana buƙatar silikon fiye da haka, don haka dole a rage alminiyum da asid ko a ƙara silika daga waje, kuma tokar ƙaiƙayin shinkafa tana cike da ita. Shawarata ita ce kada a bar sabon mai bincike ya fara da nau'in Y don kawai shi ne mai suna. Ya fara haɗa nau'in A sau biyar a jere yana samun abu ɗaya, ya koyi yadda yawan soda ko daɗewa a kan wuta ke juya masa aiki zuwa wani ma'adani da ba shi ake nema ba, sannan ya haura.

Ta biyu ita ce man dizal na tsirrai. Ana haɗa man tsiro da metanol a gaban katalis, sai a samu man da injin dizal zai iya sha, giliserin kuma ta kwanta a ƙasa. Ɓawon ƙwai, wanda masu shayin Samaru ke zubarwa kowace safiya, kusan dukkansa kalsiyum kabonet ne, kuma idan aka gasa shi a digiri 800 zuwa 900 yakan koma kalsiyum oksaid, wanda ke yin wannan aiki. Ga man darbejiya, ga na bini-da-zugu, ga man da masu ƙosai suka gama suya da shi. Sai dai gaskiya ita ce wannan hanya ta sha tafiya, a nan da ƙasashen waje, kuma maƙalar da ba ta ce komai ba illa "mun gasa ɓawon ƙwai mun samu mai" babu mujallar kirki da za ta karɓe ta yanzu. Inda sauran aiki yake shi ne ɗorewar katalis ɗin: sau nawa za a iya sake amfani da shi, me ke kashe shi, nawa ne daga cikinsa ke narkewa ya bi man, kuma yaya za a yi da man da ke da asid mai yawa, irin na darbejiya da na suya, wanda ke mayar da aikin sabulu idan ba a fara rage asid ɗin ba. Matashin da aka karkatar zuwa waɗannan tambayoyi yana da abin faɗa.

Ta uku ita ce tsabtace gurɓataccen ruwa da hasken rana, musamman ruwan rini da na jima, abin da ya shafi masana'antun Kano na Challawa da Sharaɗa kai tsaye, kuma ya yi daidai da aikin cibiyar nazarin fata da ke Samaru. Katalis ɗin da aka fi sani a nan shi ne taitaniyum dayoksaid, wanda Fujishima da Honda suka fito da ƙarfinsa a 1972, amma yana aiki ne da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, kuma bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Fannin yana jan matasa saboda arha da kuma kyan gani, tun da ruwa shuɗi yakan koma fari a gaban ido. Za a ga a mataki na biyar dalilin da ya sa wannan kyan ganin yake yaudara.

Ko wace hanya aka ɗauka, tambaya ɗaya za a riƙe. Matashi mai tambaya uku a shekararsa ta farko ba zai amsa ko ɗaya ba.

Mataki na uku: a ƙwato masa lokaci

Wannan ba ya cin ko sisi, amma shi ne abin da manya suka fi kasa yi, domin yana nufin wani ya ɗauki nauyin da aka sauke. A taron rabon darussa, babban malami ya buɗe baki ya nemi a bar wa matashin kwana biyu a jere a kowane mako babu aji, babu taro. A jere ɗin yana da dalili: gasa samfur da jiran tanderu ya huce yakan cinye yini, haɗa ziyolait kuma yakan kwana a kan wuta, don haka awa biyu a nan, awa uku a can ba su da amfani. Muƙamin jami'in jarrabawa da na mai kula da rajistar ɗalibai a jinkirta masa su zuwa shekara ta uku. Idan mace ce, a ƙara lura da cewa gwajin da ke kaiwa dare ba kowace za ta iya tsayawa a kansa ba, sai a tsara aikin yadda wanda ke kwana zai zama irin wanda ba ya buƙatar tsaro, ko a haɗa ta da ɗalibin da zai karɓe ta.

Mataki na huɗu: taswirar na'urori da mutanen da ke riƙe da su

Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a a wannan fuska. Ban da sassan jami'a da ɗakunan gwaje-gwajenta, akwai cibiyar NARICT a Basawa, wadda aikinta kacokan fasahar sinadarai ne, akwai kuma Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, inda ake iya gano ma'adanan da ke cikin samfur ko da kaɗan ne. A Sheda, kusa da Abuja, akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO. Aikin babba shi ne ya zauna da matashin su rubuta, a shafi ɗaya, kowane awo da binciken ke buƙata da inda ake yin sa: XRF domin sanin sinadaran da ke cikin ƙasa, XRD domin tabbatar da cewa abin da aka haɗa ziyolait ne da gaske, FTIR domin gane irin haɗin sinadaran da ke cikin samfur, SEM domin ganin siffar ƙwayoyi, awon BET domin faɗin fuskar katalis, da GC domin tantance man da aka samu. A gaban kowane a rubuta kuɗin samfur ɗaya, da tsawon jira, da kuma ranar da aka tabbatar na'urar tana aiki, domin na'ura kamar mota take, wadda ta tashi bara ba lalle ta tashi bana ba.

Sannan babba ya kama hannun matashin ya kai shi wurin ma'aikatan da ke sarrafa na'urorin, ya gabatar da shi da kansa. Sabon dakta yakan yi kuskuren ɗaukar waɗannan mutane a matsayin masu danna maɓalli, alhali wanda ya shekara ashirin a gaban na'ura shi ya san lokacin da take ƙarya. A koya masa ya gaishe su, ya tsaya a wurin lokacin da ake auna samfurinsa, ya nemi ainihin bayanan da kwamfutar na'urar ta fitar maimakon hoton da aka buga a takarda, kuma ya sa sunan ma'aikacin a cikin godiya ko cikin marubuta idan gudummawarsa ta kai.

Maganar wuta kuwa, tanderu mai kaiwa digiri 900 yana jan wutar da ƙaramin janareta ko batirin sola na ofis ba za su ɗauka ba, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar gashi samfurin ya tashi daga aiki. A tara samfura a gasa su a rana ɗaya da aka tanadi man babban janareta, a rubuta lokacin da zafi ya kai inda ake so da lokacin da aka kashe. Ƙananan kaya, irin su injin motsa ruwa da tanda mai digiri 100, su ne suka dace da sola.

Mataki na biyar: a koya masa shakkar sakamakonsa

Idan babba bai ba matashi komai ba sai wannan, ya ba shi abu mai yawa. Yawancin maƙalun da ake dawo wa mutanenmu da su suna faɗuwa ne a kan gwaje-gwajen tabbatarwa da ba a yi ba, kuma kusan dukkansu masu arha ne.

A fara da ma'aunin nauyi, wanda kowane ɗakin gwaji ke da shi. Tsantsar kalsiyum kabonet yana rasa kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa idan ya gasu sarai, don haka wanda ya auna ɓawon ƙwai kafin gashi da bayansa ya ga ya rasa kashi 20 kawai ya san bai gasu ba, ba sai ya biya kuɗin XRD ba. Tsantsar farar ƙasa kuma tana rasa kusan kashi 14, kuma idan abin da aka rasa ya gaza haka sosai, alama ce yashi ya yi yawa a cikinta. Kalsiyum oksaid yana shan danshi da iskar kabon daga sararin ɗaki, ya koma abin da aka fitar da shi daga ciki, saboda haka samfurin da aka bari a buɗe a watan Agusta ba ɗaya yake da wanda aka bari a lokacin hunturu ba. A juye shi da sauran ɗuminsa cikin tukunyar gilashi mai hana danshi, a rubuta kwanan wata a jikin kowace kwalba.

A aikin man dizal, lissafi ya ce kowace ƙwayar mai tana buƙatar ƙwayar metanol uku, amma a aikace ana zuba shida zuwa goma sha biyu domin a tura aikin gaba, a zafin digiri 60 zuwa 65, tun da metanol yana tafasa ne dab da 65. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna nauyin ruwan da ya taso sama a kira shi sakamako, alhali rabinsa na iya zama ɗanyen man da bai juya ba. Idan babu GC a kusa, a auna kaurin man: ma'aunin Amurka na ASTM D6751 ya iyakance shi tsakanin 1.9 da 6.0 mm²/s a digiri 40, ɗanyen man tsiro kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ma'aunin Turai na EN 14214 yana neman tsarkin da bai gaza kashi 96.5 cikin ɗari ba, kuma duk wanda ya rubuta adadi irin wannan ba tare da ya nuna na'urar da ta auna ba, mai duba maƙala zai kama shi. Sai gwajin tacewa da zafi: a tsakiyar aiki a tace katalis ɗin a fitar, a bar ruwan ya ci gaba da dahuwa. Idan aikin ya ci gaba, to katalis ɗin da ya narke a ciki ne ke yi, kuma maganar sake amfani da katalis ta rushe.

A aikin ruwan rini, dole a yi gwaji uku tare: ɗaya a cikin duhu da katalis, ɗaya a rana ba katalis, ɗaya a rana da katalis. Sau da yawa launin yana ɓacewa ne domin ya manne a jikin garin, kamar yadda gawayi ke tsotse wari, ba domin an farfasa shi ba. Ko da an farfasa, ɓacewar launi ba ta nufin ruwan ya zama mai tsabta, domin gutsattsarin da suka rage na iya zama guba marar launi.

Ga kowane irin aiki, a maimaita gwaji sau uku, a canja saurin motsawa a ga ko sakamako ya canja, domin idan ya canja to injin motsawa ake aunawa, ba katalis ba. A riƙe littafin gwaji mai ɗaurarren bango, a rubuta da biro, har da ranakun da komai ya lalace. Babba ya riƙa buɗe wannan littafi sau ɗaya a wata, kuma idan ya ga shafin gazawa ya yaba, domin matashin da aka tsawata wa a kan mummunan sakamako zai koyi ɓoyewa, daga ɓoyewa kuma sai gyaran adadi. A wannan zama ne kuma ake duba kayan kariya. Metanol yana makantarwa, soda mai ƙuna tana cin fata da ido, kuma rufaffen mazubin da aka buɗe da zafinsa yana iya fesa wa mutum ita a fuska.

Mataki na shida: kuɗi, daga ƙarami zuwa babba

Kuɗin farko ya kamata ya fito daga aljihun tallafin babban malami: kwalabe, metanol, da kuɗin awo biyar ko shida, domin matashin ya samu sakamakon da zai nuna. Da wannan a hannu sai ya nemi tallafin bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, da ake bayarwa ta hannun makaranta, wanda shi ne daidai ƙarfin sabon shiga. Babban asusun bincike na ƙasa na hukumar gasa ce ta duk Nijeriya, ana fara ta da taƙaitaccen bayani kafin cikakken kundi, kuma ya fi kyau matashin ya fara shiga a cikin tawaga ya ga yadda ake yi. Hukumar PTDF mai bunƙasa fasahar man fetur tana da sha'awar duk abin da ya shafi man fetur da tace shi, hukumar RMRDC kuma aikinta albarkatun cikin gida ne, wanda ya sa maganar farar ƙasa ta shiga hurumin kowacensu.

A waje akwai TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam ya jagoranci kafawa a 1983, da hukumar musayar ilimi ta DAAD da gidauniyar Alexander von Humboldt a Jamus, wadda shirinta na Georg Forster na masu digirin digirgir ne daga ƙasashe masu tasowa, da tallafin Commonwealth da ke ba ɗalibin digirgir damar yin shekara guda a Birtaniya ya dawo ya kammala a gida. Mata suna da shirin L'Oréal da UNESCO na matasan masu bincike na Afirka kudu da Sahara. A karanta sharuɗɗa da kyau kafin a fara rubutu, domin wasu shirye-shiryen na jerin wasu ƙasashe ne kawai, wasu kuma suna da iyakar shekaru bayan kammala digiri, kuma wannan iyaka ita ce ke wuce matasanmu suna cikin makin jarrabawa.

Abin da babba zai yi a nan shi ne ya ba matashin kundin neman tallafi nasa da ya taɓa cin nasara ya karanta, da wanda aka ƙi, tare da dalilan da aka bayar. Ya duba masa kasafin kuɗi, ya tabbatar an sa man janareta, da kuɗin awo, da kuɗin kai samfur, da rarar da za ta ɗauki tashin farashi, tun da yawancin sinadarai da kuɗin waje ake sayo su. Takardar shaida kuma a rubuta ta a kan lokaci, a faɗi abin da matashin ya yi da hannunsa, domin yabon ladabi da biyayya ba ya motsa kwamitin da ke Jamus.

Mataki na bakwai: rubutu da suna

Tsarin ƙarin girma yana ƙirga yawan maƙalu, kuma wannan yana tura matasa su yanka aiki ɗaya gida huɗu su kai wa mujallun da ke buga komai idan an biya. Babba ya faɗa masa gaskiya cewa maƙala ɗaya a mujallar da ake tantancewa ita ce za ta buɗe masa ƙofar tallafi, kuma ya nuna masa yadda ake duba sunan mujalla a Scopus ko DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, kafin a aika. Ya sa shi ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ya kuma tsayar da yadda zai riƙa rubuta sunansa, domin wanda ya rubuta suna iri uku a maƙala uku ya raba kansa mutum uku.

Maganar jerin sunaye a yi ta kafin a fara aiki. Wanda ya yi gwaji ya rubuta daftari shi ne na farko. Al'adar cusa sunan wanda bai ga ko kwalbar ba, don girmamawa ko don ramuwar alheri, tana cutar ƙarami, kuma ba shi ne zai iya ƙi ba. Babba ne kaɗai zai iya cewa a'a a madadinsa. Idan an dawo da maƙala da gyare-gyare masu zafi, a zauna tare a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma aikin ya nuna alamar zai shiga kasuwa, a tuntuɓi ofishin jami'a mai kula da haƙƙin ƙirƙira ko hukumar NOTAP kafin a wallafa, domin abin da aka riga aka bayyana wa duniya yana da wuyar yi wa rajista.

Mataki na takwas: a fitar da shi, sannan a ja baya

A kai shi taron shekara na ƙungiyar masana sinadarai ta Nijeriya ko ta injiniyoyin sinadarai, a bar shi ya gabatar da aikin da bakinsa, babba yana zaune a baya. A nema masa hanyar ziyartar masana'anta, ko matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ko kamfanin taki, ko majema, domin ya ji tambayar da injiniyan wurin zai yi masa, wadda kusan kullum ita ce nawa ne kuɗin kilo ɗaya kuma wata nawa zai yi kafin a canja shi. Tafiyar wata uku zuwa shida zuwa ɗakin gwaji na waje, da samfuran da aka haɗa a Zariya cikin jaka, ta fi amfani idan an yi ta bayan an samu sakamako na farko, domin a lokacin ya san awon da yake nema kuma yana da abin da zai kai teburin mai masaukinsa.

A shekara ta uku sai a fara sakin igiya. A ba shi ɗalibin digiri na biyu wanda shi ne babban mai duba shi, a ba shi makullin kabad ɗin sinadarai da teburin da kowa ya san nasa ne, a kuma yarda ya ɗauki reshen binciken da babba ba zai sake taɓawa ba, ko da reshen ne ya fi alamar 'ya'ya. Idan lokacin neman tallafi na gaba ya zo, sunan matashin ne zai hau layin jagoran bincike, na babban malami kuma ya koma layi na biyu, ko ya tsaya a kan takardar goyon baya da ke maƙale a ƙarshen kundin.